Tubalan wasa na katako ko na roba: wanne za mu samar wa ƴan jardan?

Madam_Jardan_Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar masu sani. Ajin jardan ne, wato na ƴan shekara 3 zuwa 5, yara kamar 30, kuma kwamitin iyaye ya ware ƴan kuɗi don kayan wasa kafin a koma lakwal (makaranta) a watan Oktoba. Ra'ayi ya rabu uku. Wasu sun ce a sayo na roba masu haƙora irin LEGO da ake sayarwa cikin leda a babbar kasuwa. Wasu sun ce a sa kafinta ya yanka tubalan katako. Wasu kuma sun ce duk ɓarnar kuɗi ce, a sayi alli da alluna. Wanne ya fi, guda nawa za su isa, kuma da gaske yaro na ƙaruwa da wannan jibge-jibgen?

Kafinta_Mokoyo:
Wa alaikumus salam Madam. Katako, amma da sharaɗi ɗaya: awo. In aka ce wa kafinta "yanka mana ƴan tubala" kawai, guntayen da suka rage a shago zai tattaro, kowanne da girmansa, kuma waɗannan ba su gini. Ga awon da za ki rubuta masa. Tubali na asali: tsawo santi 14, faɗi santi 7, kauri santi 3.5. Duk sauran daga shi suke fita. Rabi: 7 da 7 da 3.5. Ninki biyu: tsawo 28. Ninki huɗu: tsawo 56. Ginshiƙi: 14 da 3.5 da 3.5. Mai kusurwa uku kuma rabin nan ne ake tsagawa daga kusurwa zuwa kusurwa.

Kada a yanka ɗaya-ɗaya da awon fensir. A fara fidda dogayen sanduna masu faɗin 7 da kaurin 3.5, a bi da su duka cikin injin gyara fuska a saiti ɗaya ba tare da an taɓa saitin ba. Sannan a kafe ɗan guntun katako a teburin zarto a nisan santi 14, kowace sanda a tura ta har ta doki guntun kafin a yanka. Kuskuren milimita 1 a kauri ba ya ganuwa a tubali guda, amma in yaro ya jera 10 a nan, 10 a can, bambancin na iya kai santi guda, gadar da ya aza a kai sai ta karkace ta zube. Mita ɗaya na ba da tubali 7.

Mai_Zarto_Tibiri:
Maigida, lissafin takarda ke nan. Bakin zarto kansa yana cin kusan milimita 3 a kowane yanka, kuma bakin katako daga kasuwa ba ya zuwa a miƙe, sai an datse shi. Mita ɗaya 6 take bayarwa da saura.

Kafinta_Mokoyo:
In guntun mita ɗaya aka sayo, haka ne. A sandar mita 4 datsewar baki sau ɗaya ce, ana samun 27. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ginshiƙi: kada a tsaga tubalin faɗin 7 gida biyu a ce an samu 3.5 biyu, zarto ya riga ya cinye rabonsa. Sanda daban ake fidda masa.

Mushe_Lissafi:
Awon da Malam kafinta ya kawo yana da asali. Wata malamar makaranta ce a Amurka, Caroline Pratt, ta tsara shi wajen 1913, kuma dabarar ita ce kauri 1, faɗi 2, tsawo 4. Tun kafin ita Friedrich Froebel na Jamus, wanda ya kafa makarantar ƙananan yara irin wadda muke kira jardan a 1840, yana ba yara dunƙulen katako mai fuska shida daidai wanda aka raba gida 8.

Ga amsar masu cewa a sayi alli. Yaro yana gina katanga da dogayen 28, sai suka ƙare. Ya ɗauko na 14, ya ga ya gaza, ya ƙara wani, ya ga sun cika gurbin cif. Na 14 ma suka ƙare, ya cike da na 7 guda huɗu. Ba wanda ya ce masa rabi ko kwata, amma hannunsa ya riga ya sani. Irin wannan yaron ne in ya kai CM (azuzuwan ƙarshe na firamare) aka rubuta 1/2 da 2/4 a allo ba ya tsayawa yana kallon malami. Haka nan sama da ƙasa, ciki da waje, gaba da baya, wanne ya fi tsawo, wanne ya fi nauyi: abubuwan da ake wahalar cusa wa ƴan CI (ajin farko na firamare) da baki, alhali da Faransanci ake faɗa musu. In awon tubalan bai daidaita ba, duk wannan ya tafi, domin biyu ba za su cika gurbin ɗaya ba, yaro kuma zai ɗauka haka abin yake.

Alhaji_Mai_Kanti:
Kun yi wa roba rashin adalci. Gara ba ta cin ta, ana wanke ta da ruwa da sabulu, ba ta da sartse, kuma abin da yaro ya haɗa yana iya ɗaga shi ya kai wa uwarsa ta gani. Tubalin LEGO mai haƙora 8, in ka ɗauki guda 6 masu launi ɗaya, an lissafa ana iya haɗa su ta hanya sama da miliyan 915. Wane katako ne zai ba da wannan? Kamfanin na ƙasar Danmak ne, tsarin haƙoran nan tun 1958 yake, kuma na wancan lokacin yana kama na yau.

Sai dai a san abin da ake saye. Yawancin na cikin leda kwaikwayo ne. Kafin a biya, a buɗe leda ɗaya, a haɗa guda 10 a tsaye, a riƙe na sama a girgiza. In sun zube, haƙoran sun yi sako-sako. In kuma babba ya sha wuya kafin ya raba biyu, yaro da haƙorinsa zai raba, wannan ma a bar shi. A shinshina: mai warin ƙonannar roba ba na yara ba ne. Kuma kada a haɗa na kamfani biyu a buhu ɗaya, sau da yawa ba su kama juna.

Majo_Sabon_Gari:
Alhaji, ranka ya daɗe, akwai ƴan shekara 3 a ajin nan, kuma in akwai ƴan 3 to akwai ƙannensu da ake shigowa da su. Ƙa'idar da masu kayan wasa ke bi a Turai da Amurka ita ce: duk abin da ya shige gaba ɗaya cikin bututu mai faɗin baki santi 3.17 ba na yaron da bai kai shekara 3 ba ne. Tubalin LEGO mai haƙora 8 ɗin nan yana shigewa, balle ƙananansa. Abu mai siffar ƙwallo kuma sai ya wuce santi 4.5, domin shi ne ke toshe maƙogwaro ruf. Madam ta nemi guntun bututun famfo na milimita 40 wajen masu aikin ruwa ta ajiye a aji. Abin da ya faɗa ciki, a raba shi da ƙanana.

In roba za a saya, a nemi manya irin DUPLO, waɗanda suka ninka na kullum biyu a tsawo da faɗi da tsayi. Abu biyu kuma ban yarda su shiga aji ba ko kyauta ne: masu ƙananan maganaɗisu a ciki, da masu ƙaramin batir irin na agogo. Maganaɗisu biyu in yaro ya haɗiye suna manne wa juna ta bangon hanji su huda shi. Batir kuma in ya maƙale a maƙoshi yana ƙona nama cikin ƴan awoyi. Wanda ya haɗiye ɗayansu, a kai shi likita nan take, kada a tsaya jiran ya fita da bayan gida, kada kuma a sa shi amai.

Uwar_Biyu_Zariya:
Ni tambayata ta faɗa ce. Yaro 30 da katako a hannu, wa zai raba?

Baba_Magini:
Ku ƴan lakwal kun cika son wahala. Wanga abu da kuke ta awo da santi, ɗiyan ƙauye na yin shi da kara da laka ba da ko dala ba. Ga kaka na tahe, kara zai cika gari. Karan dawa ya hi na hatsi don totuwarshi ta hi kauri. A yanke shi gaɓa-gaɓa, a ɓare bayan, totuwa ta zama tubali, ɓawon kuma a tsaga shi siriri ya zama ƙusa. Da shi ake mota, da gado, da rumbu, da tabarau.

Laka kuwa, a sa kafinta ya yi ɗan akwatin bugu, ciki santi 8 da 4 da 2. A fara da laka kashi 2, yashi kashi 1, da ɗan ƙaiƙayi, a cuɗa a bar shi ya kwana. A jiƙa akwatin, a barbaɗa yashi, a danna, a juye. A shanya a inuwa kwana 2, a tada su bisa gehe su ƙara kwana 2, sannan rana. In sunka tsage, laka ta yi yawa ko rana ta buge su da wuri. In suna marmashewa, yashi ya yi yawa. Yaron da ya buga tubali 50 da hannunshi ba ya jifa da su.

Kuma a nan ne zai gane abin da magini ke ci da shi: in gaɓa ta hau bisa gaɓa, katanga tsagewa take daga sama har ƙasa. Sai an sarƙa, na sama ya zauna bisa biyu na ƙasa. Roba mai haƙori ba ta koya wanga, don ko an yi ginin banza tana riƙewa.

Majo_Sabon_Gari:
Baba, ɓawon kara yana yanka kamar reza, wannan aikin ƴan shekara 6 zuwa sama ne. Ƙanana a ba su totuwa ɓararriya mai tsawo, a haɗa da tsinken tsintsiya da aka datse tsininsa, ban da ƙayar aduwa. Laka kuma kada a ɗebo ta kusa da masai ko turken dabbobi saboda tsutsar ciki, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Sannan busasshen kara ba a tara shi a ɗakin yara. Ba mu manta da gobarar ajin zana ta Nuwamba 2021 a garin nan na Maraɗi ba, inda yara fiye da 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu. A kawo na ranar, a kwashe saura.

Malam_Limanci:
Amin. Tunda an taɓo iyaye masu ja da baya, wasunsu ba kuɗi ne damuwarsu ba, surori ne. Tubalin katako ba shi da fuska ba shi da ido, ba abin da za a ce a kansa. Na roba ne wani lokaci ke zuwa da ƴan mutum-mutumi a ciki. Ko su ɗin, ya tabbata a Bukhari cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da ƴaƴan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma malamai da yawa sun kafa hujja da shi a kan kayan wasan yara. Amma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, a cire su a bar tubalan, ba a rasa komai ba.

Hajiya_Mai_Horar_da_Malamai:
Bari in koma kan tambayar Uwar Biyu, don a nan ake faɗuwa ko da kayan sun yi kyau. Ba a zuba wa yara 30 tubala a tsakar aji. Kusurwa guda ake warewa, yara 5 ko 6 a lokaci ɗaya, sauran suna wasu ayyukan, ana juyawa. Wurin ya zama ba hanyar wucewa ba, kuma ƙasan ya zama siminti ko faffaɗan katako. A kan tabarma ko yashi gini ba ya wuce hawa 4 ko 5, yaro ya yi ta ƙoƙari yana zubewa har ya haƙura ya koma jifa. Yawancin jifan da ake gani daga nan yake, ko daga ƙarancin tubala.

Dokoki uku sun isa: gini ba ya wuce kafaɗar mai shi, wanda ya gina shi ke rushewa, tubali ba ya tashi sama. Lokaci kuma kada ya gaza minti 40. Minti 10 na farko a ɗauko-ɗauko suke tafiya, in aka ce a tattara a minti 15 an yanke wasan daidai inda ya fara.

Abin da ya fi wuya shi ne malama ta kame hannunta da bakinta. Da zarar ta gina gida ta ce "ku yi irin wannan", an koma kwafi, gida iri ɗaya za a gani sau 6. Kada ta ce "mene ne wannan?", domin sau da yawa ba komai ba ne, gwaji yake. Ta faɗi abin da ta gani: "Na ga ka sa dogo a ƙasa, gajeru a sama." Ko ta tambaya: "Ta ina akuyar za ta shiga?" In ya zube kada ta gyara, ta ce "daga ina ya fara faɗuwa?"

Kuma a san matakin yaro. Harriet Johnson, wata malamar ƙananan yara a Amurka, ta bayyana su tun 1933, kuma duk mai zama da yara zai gan su. Da fari ɗauka kawai yake yana yawo da su yana cika bokiti yana juyewa. Sai jeri a ƙasa da hasumiya. Sai gada: biyu a tsaye, ɗaya a kai, kuma gane tazarar da ta dace tsakanin biyun nan na ɗaukar makonni. Sai kewaye, kamar garke. Sai ado, dama ta yi daidai da hagu. Daga ƙarshe ya ce "tasha zan gina" tun kafin ya fara. Uban da ya leƙo ya ga ɗansa na jan bokitin katako zai ce wasa ake da kuɗinsa, don haka a yi wa iyaye wannan bayanin tun ranar farko.

Uwar_Biyu_Zariya:
Hajiya na gode. Amma maza ne za su mamaye kusurwar, matan su koma gefe da ƴar tsana.

Hajiya_Mai_Horar_da_Malamai:
Za su mamaye in aka bar wa mai ƙarfi. Juyin ya zama da suna, kuma a makonnin farko a ware wa mata zalla nasu lokacin har su saba. Ƴar tsanar ma a kawo ta kusurwar. Tana bukatar ɗaki, da gado, da madafa, da katangar da za ta tsare awaki, duk gini ne.

Majo_Sabon_Gari:
Ƙari kan matakai, ga abin da ake dubawa a awon girman yara da ƙananan dunƙulen katako: ɗan wata 18 yana aza 3 ko 4, ɗan shekara 2 wajen 6, ɗan shekara 3 wajen 9 kuma yana kwaikwayon gada mai guda 3. Wanda bai taɓa riƙe su ba zai gaza a ranar farko, ba ciwo ba ne. Amma ɗan shekara 3 da ya yi watanni yana wasa da su bai iya aza 4 ba, ko yana amfani da hannu ɗaya kullum ɗayan a dunƙule, a kai shi a duba.

Madam_Jardan_Bagalam:
Allah ya saka da alheri. Malam kafinta, in yara 6 ne a lokaci ɗaya, guda nawa, kuma wane icce?

Kafinta_Mokoyo:
Ga abin da zan ba da shawara: na 14 guda 40, na 7 guda 30, na 28 guda 20, na 56 guda 8, ginshiƙi 12, masu kusurwa uku 12. Jimla 122. Sandar 7 da 3.5 za ta ci kusan mita 18 da rabi har da cin zarto, a sayi 20 saboda ƙulli da tsaga. Ta ginshiƙi mita 2. In kuɗi sun gaza a rage masu kusurwa uku, kada a rage dogaye, su ne rufi da gada.

Icce kuwa, farin katakon da ake kawowa daga kudu ba shi da nauyi: na 14 wajen giram 130, duka saitin wajen kilo 18. Aibinsa laushi, haƙori da faɗuwa suna barin shaida, kuma ƙwaro na son sa. In kika ga ƴan ramuka da gari na zuba, kada a saya. Maɗaci ya fi ƙarko nesa ba kusa ba, amma nauyinsa ya ninka, na 56 ya kai kilo guda, in ya faɗo kan ɗan yatsa za a ji kuka. Dabarar ita ce ƙananan a yi su da jan katako, dogayen da fari, muddin injin ɗaya ya gyara su a saiti ɗaya. Kirya a bar wa masu turmi. Katakon garin zarto da aka matse da gam ban yarda da shi ba, ruwa na taɓa shi ya kumbura ya marmashe. Katakon da ake ɗora kaya a kai a manyan motoci kuma a duba hatimin jikinsa: HT da zafi aka gasa shi, MB da maganin ƙwari aka turara shi, wannan ba na yara ba ne. Wanda ba a san abin da ya zuba a kansa ba ma a bar shi.

Gogewa: sanfefa mai lamba 80, sai 120, sai 180. A kashe kaifin baki kaɗan, kamar milimita 1 zuwa 2. In aka mulmula baki da yawa don a ce kada ya ji wa yaro, tubalin ba ya tsayuwa a gefensa. Gwajin ƙarshe, a shafa tsohon ɗankwali mai santsi a kowace fuska, inda ya kama akwai sartse.

Mai_Zarto_Tibiri:
Abin da ba a faɗa ba shi ne lokaci. Madam na son su kafin Oktoba, wato katakon da ya sha damina za a yanka. Icce in yana bushewa a faɗi da kauri yake raguwa, tsawo kusan ba ya motsi. Tubalin da ya fita cif a Satumba, in hunturu ya buga shi zuwa Fabrairu faɗin 7 na iya rasa milimita 2, tsawon kuma yana nan 14. Ka ga faɗi biyu ba su cika tsawo ɗaya ba, lissafin Mushe ya lalace. Maganinsa: a tsaga sandunan da ƙarin milimita 4 ko 5, a jera su a inuwa da ƴan tsinke a tsakani iska na ratsawa, a ɗora nauyi a kai kada su lanƙwashe. Gyaran ƙarshe da yanka sai iskar hunturu ta shigo. Ni da za a bi tawa, Disamba za a kai su aji.

Ɗan_Gandun_Daji:
Kada wani ya ji an ce icce ya je ya sare na gona. Gawo na cikin itatuwan da doka ta kare, kuma itatuwan da suka dawo a gonakin jihar nan ta Maraɗi manoma ne suka raine su daga kututture shekara da shekaru. Katakon gawo ma ba ya da ƙarko, ƙwari na cin sa. In na gida ake so, reshen dogon yaro da aka sassabe a gari ya isa a yanka mulmulallu masu faɗin santi 5 zuwa 7, a ɓare, a busar a hankali don ba ya son bushewar gaggawa, tsagewa yake.

Alhaji_Mai_Kanti:
To kun gani. Katako sai Disamba, roba gobe. Kuma yara launi suke so, wa zai so farin icce?

Majo_Sabon_Gari:
Launin ne ma abin tsoro, Alhaji. Fentin mai da ake shafa wa ƙofa da ƙarfe, musamman ja da rawaya, wasunsa na ɗauke da dalma, kuma ba a gane ta da ido ko hanci. Yaro yana tauna tubali. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwa, abin da ta ɓata ba ya dawowa. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito: yara wajen 400 suka rasu. Gara a bar katako tsirara.

Kafinta_Mokoyo:
Tsirara ma ya fi gini, fenti mai ƙyalli na sa su zamewa. In ana son kariya daga datti, a narka kakin zuma kashi 1 da man farafin na kantin magani kashi 4, a shafa kaɗan, a bar shi ya kwana, a goge sosai da tsumma. Ban da man gyaɗa, duk da nan gidansa ne: yana yin ɗoyi, yana kama ƙura, yana kiran kiyashi. Wanki kuma ba a jiƙa su a ruwa. Tsumma mai ɗan sabulu, a shanya a inuwa. Ajiya a kan kanta mai ƙafar ƙarfe, nesa da bango saboda gara. A zana siffar kowane iri a inda yake zama, yara su mayar da kansu. In a buhu aka zuba, bakuna na ɓarewa, kuma ba a gane wanda ya ɓata.

Injiniya_Ali_Ɗan_Sofo:
Baba Magini ya yi gaskiya a kan haƙora, amma kowanne da abin da yake koyarwa. Katako na koyar da nauyi da daidaito: tubali na faɗuwa da zarar fiye da rabinsa ya leƙa waje. Ga gwaji ga manyan yara. A jera 4 a bakin tebur, na sama ya leƙo da rabin tsawonsa, na ƙarƙashinsa da kwata, na uku da kashi ɗaya cikin 6, na ƙasa da kashi ɗaya cikin 8. Na saman zai fita gaba ɗaya daga kan tebur bai faɗi ba, sai dai yana son hannu mai natsuwa. Kara na koyar da wani abu daban: a haɗa totuwa huɗu murabba'i, a tura, ya kwanta. A sa tsinke ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya tsaya. Shi ne abin da ke jikin hasumiyar tankin ruwa ta ƙarfe. Roba kuma na ƙarfafa yatsu, da ƙidaya haƙora, da yin abu mai taya. Aibinta shi ne kwalin da ke zuwa da hoton mota ɗaya da takardar bin mataki. A ɓoye takardar, a juye duka wuri ɗaya.

Wani abu ga Alhaji: roba ba ta son ranar Afrilu da Mayu. In aka bar ta a waje ko ƙarƙashin kwano mai zafi tana gautsi, ta fashe da kaifi.

Baba_Magini:
Har yanzu ban ji wanda ya ce mini abin da katakon ga zai yi wanda tubalin laka bai yi ba.

Mushe_Lissafi:
Rufi, Baba. Tubalin laka na santi 8 ba ya haye ɗaki, sai an nemo azara. Kuma ba ya jure faɗuwa sau 100 a rana. Amma ban ga dalilin zaɓe ba: Oktoba da Nuwamba a yi laka da totuwa a tsakar gida, ga kwalayen ashana da aka cika da yashi aka naɗe da salatif, kafin katakon ya bushe.

Alhaji_Mai_Kanti:
Kwalin ashana kwana nawa zai yi a hannun ɗan shekara 3? A ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗin a nemi manyan na roba a wurin masu kayan gwanjo, a wanke da ruwan Javel (bilic) mai rauni, a ɗauraye, a tsince fasassu. Na asali suna da sunan kamfani a kan haƙoransu, a duba da kyau.

Hajiya_Mai_Horar_da_Malamai:
In an raba kuɗin, kada katakon ya gaza 100. Kaɗan na wannan da kaɗan na wancan shi ke kawo faɗan da Uwar Biyu ke tsoro. Kuma kada a haɗa su kusurwa ɗaya, roba a kan tebur, katako a ƙasa.

Madam_Jardan_Bagalam:
Zan kai wa kwamiti duka. Malam kafinta, in an samu katakon da ya daɗe a shago tun rani, shi ma sai an jira Disamba?

Kafinta_Mokoyo:
Ya danganta da inda ya kwana. A yanko guntu, a ɗora a sikelin masu awo, a ajiye shi a ɗaki mako guda a sake aunawa. In nauyin bai sauka ba, a yanka.

Mai_Zarto_Tibiri:
A Satumba ba zai sauka ba ko da jiƙaƙƙe ne rabi, iskar kanta da laima. Gwajin nan sai a ɗaki mai rufin kwano da rana ke duka, kuma mako biyu.